Tsarabar Jidda da Ƙafar Gaba

Duk wanda ya zauna unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi a shekarar da aka yi sabuwar jiha ya san rumfar Maigandi, ko da bai taɓa hawa keke ba, don da wuya a wuce ta gabanta ba a ji yana faɗa da wani ba. Masu gyaran keke suna da yawa a garin, masu faci da masu ɗaure birki. Shi Maigandi in ka kawo masa faci sai ya nuna maka rumfar gaba da leɓe. Aikinsa ƙafa ne. A ba shi rim, zoben ƙarfen nan da taya ke hawa, tsirara, ya zaɓi hob, wato cibiyar nan da ƙafar ke juyawa a kanta, ya saƙa wayoyin sifok ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure, har ƙafa ta fito tana juyi ba lanƙwasa. Ya fi shekara talatin yana wannan, kuma bai taɓa yarda akwai wanda ya kai shi ba daga nan har Sakkwato. Abin da ke ba mutane haushi shi ne gaskiyarsa ce.

Da can, lokacin da komai ke Sakkwato, sau biyu ana ɗaukar makanike na 'yan tseren keke, sau biyu ana tsallake shi a ɗauki ɗan wani. Wannan abu ya daɗe yana cin ransa, ko da yake in ka tambaye shi sai ya ce bai ma san an yi ba. To, da aka yanke Kebbi, sai masu sha'awar keke suka kafa ƙungiyarsu, suka ɗora wani ɗan kwangila, Alhaji Abdussamadu, a shugabanci. Aka shirya tsere daga Birnin Kebbi zuwa Argungu don cikar jiha shekara guda, waɗanda suka yi ƙoƙari su zama 'yan wasan jiha. 'Yan wasa kuwa dole su sami makanike mai takarda, da albashi, da fansho. An riga an buga takardar da sunan Maigandi, tana cikin aljihun teburin Alhaji, ana jiran a gama tsere ya sa hannu. Maigandi yana da shekara hamsin da shida, idanunsa sun fara neman tabarau, kuma ya san ba za a sake yanke wata jiha dominsa ba.

Wanda ƙungiya ta fi sa wa rai shi ne Mujtaba, manomin albasa daga Gulma, magidanci mai 'ya'ya biyu. Ƙarfin ƙafarsa daga ɗaukar buhu biyu a bayan keke zuwa kasuwar Argungu ya same shi. Alhaji ya gan shi wata rana yana wuce motarsa a cikin taɓo, ya sa aka nemo shi, ya saya masa keken tsere na hannu, siriri mai lanƙwasasshen kai. Ƙafar bayan keken lafiya lau take. Ta gaba ce hob ɗinta ya cinye, aka kawo wa Maigandi rim ɗin ya sake ɗaurawa.

Kwana uku ya yi yana zaɓen hob. A cikin rumfarsa akwai wata igiya da ya jera su a jiki, sun fi arba'in, kamar yadda masunta ke jera kifi, kuma kowanne ya san daga keken da ya fito. Farko ya ƙirga huda. Rim ɗin Mujtaba huda talatin da shida gare shi, don haka duk mai talatin da biyu ya koma igiya. Sannan ya gwada faɗi a bakin fok ɗin keken, ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe ƙafar gaba, wanda ya yi ɗan sako-sako ko sai an buɗa ƙarfe kafin ya shiga, shi ma ya koma. Saura huɗu. Ya kwance su, ya zuba boris ɗinsu, 'yan ƙwallayen ƙarfen nan na ciki, a murfin gwangwani, ya wanke da kananzir, ya sa ɗan yatsa yana shafa cikin kwanon da boris ke kwanciya ko zai ji rami. Daga ƙarshe ya tsaya a kan wani mai ruwan toka, mummuna, wanda faifan nan biyu masu huda da sifok ke maƙalewa, waɗanda yake kira kunnuwa, suke da faɗi da kauri. Ya fi sauran nauyi kaɗan. Amma Mujtaba ƙato ne, hanyar Argungu kuma a cikin damina rami ne cike da ruwa, ba ka sanin zurfinsa sai ka faɗa. Ya cika shi da giris, ya juya sandar tsakiya da yatsu biyu, ya ji tana tafiya sumul.

Yana shirin zura sifok na farko motar Alhaji ta tsaya a gaban rumfar. Ranar Litinin ce da hantsi, tsere kuwa Asabar. Alhaji Abdussamadu bai daɗe da dawowa daga aikin Hajji ba, har yanzu akwai masu zuwa yi masa barka. Ya fito da mutum uku a bayansa, riƙe da wani abu a naɗe cikin farin ƙyalle. Mutum ne mai kyauta, wannan ba wanda zai hana masa, sai dai yana son a ga hannunsa lokacin da yake miƙawa. Ya jira masu shayi da masu jiran faci suka taru tukuna, sannan ya warware ƙyallen.

Hob ne, ruwan zinariya, yana ɗaukar ido, kunnuwansa 'yan sirara. Mutane suka ɗauki salati.

"Maigandi," in ji Alhaji, "wanga a Jidda nis sawo shi da hannuna, sabo dal. Mai shagon yac ce irinai Turawa ka tsere da shi. Ga ƙahwar gaba nika son shi, don ita mutane ka hwara gani."

Maigandi ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya kamar yadda ake yi. Ya ƙirga huda a ɓoye da babban yatsa yana fatan ta kasa, sai ya ga talatin da shida cif. Faɗin ma daidai. Alhaji ya shiga mota, mutane suka yi ta miƙa wa juna hob ɗin suna shafawa, har wani tsoho ya shafa shi a fuska don ya fito daga ƙasa mai tsarki.

Sai da suka watse ya zauna ya duba shi sosai. Abu na farko da ya gani shi ne bakin kowace huda akwai ɗan gurbi, inda wuyan sifok ya taɓa kwanciya ya ci ƙarfen. Ashe ba sabo ba ne, an taɓa ɗaura shi, an kwance, an goge. Gurbin kuma a miƙe yake zuwa waje, alamar wanda ya ɗaura bai gicciya sifok ba, ya ja su kai tsaye, irin ɗaurin ado da ke yage kunne. Maigandi ya ɗaure hob ɗin da zare ya rataye, ya ɗauki sifok guda ya ƙwanƙwasa kunnen dama. Ya yi ƙara mai tsawo. Ya ƙwanƙwasa na hagu, sai ya ji ta mutu nan take, irin ƙarar da mata ke ji a tukunyar kasuwa su ajiye ta su yi gaba. Ya tsoma kunnen a kananzir, ya goge shi tas, ya murza alli ya barbaɗa, ya ajiye a rana. Kafin ya gama shan ruwa wani siririn layi ya fito a cikin farin allin, ya tashi daga wata huda ya wuce ta biyu ya nufi ta uku, inda kananzir ke tsatsowa daga cikin tsaga.

Da azahar Mujtaba ya zo tare da Dominic, mai horar da su. Dominic mutumin Pankshin ne, yana buga tafireta a sabuwar sakatariya, ya yi tsere a Jos da ƙuruciyarsa, kuma akwai tabo a haɓarsa da ke shaida hakan. Maigandi ya nuna musu layin. Dominic ya daɗe yana kallo, sannan ya yi tsaki a hankali.

"Baba Maigandi, na gani," ya ce. "Amma ka san wanda ya kawo. Ga shawara. Ka ɗaura ƙafa biyu. A ɗauki hoto da na Alhaji a wurin tashi, in an wuce Ambursa mu canja."

Mujtaba ya girgiza kai. Ya ce Alhaji ya riga ya faɗa masa motarsa za ta bi shi a baya tun daga tashi har Argungu. Dominic ya ce to a samo fenti ruwan zinariya a shafa wa mai ruwan tokan. Maigandi ya harare shi har sai da ya sunkuyar da kai.

"Ni ba mai kwalliyar amare ba na," ya ce. Sannan ya juya ga Mujtaba. "Kai za ka hau. Mi kac ce?"

Mujtaba ya kalli ƙasa yana murza hannu. "Baba, keken duka Alhaji yas saya man. In nic ce ba ni son tsarabatai, da wane ido zan dube shi? Kuma abin ga daga Makka yah hito. Allah na tsarewa."

"Daga Jidda yah hito, shagon wani mai ci da gumin baƙi. Ƙarhe na, ba zamzam ba. Saurara, Mujtaba. In ƙahwar baya ta watse, zama za ka yi bisa kwalta, ka tashi ka kakkaɓe wando. In ta gaba ta watse kana gudu, da huska za ka sauka. Kunnen ga in ya ɓalle, sihok ukku za su tahi tare, rim shi karkace shi cije cikin fok. Ba ka ko jin lokacin da za ka tashi sama."

Mujtaba ya ɗaga kai. Idonsa na kan hob ɗin da ke walƙiya a rana, kuma Maigandi ya gane, ban da kunyar Alhaji, shi kansa yana so ya shiga Argungu da zinariya a gabansa mutanen Gulma suna kallo. Wannan ya fi komai ɓata masa rai.

Da yamma a gida matarsa Baiwa ta ga ya tasa tuwon shinkafa a gaba yana wasa da shi, ta tambaya, ya faɗa mata. Baiwa ba ta da wani sha'ani da keke, amma ta san takardar nan, ta riga ta ba 'yan'uwanta na Kalgo labarinta. Ta ce ita ba ta ce ya ɗaura abin da zai kashe ɗan mutane ba. Ya maida wa Alhaji kayansa cikin ladabi, ya ce idonsa ba ya gani sosai, aikin ya fi ƙarfinsa, a kai wa wani. Ta haka hannunsa ya fita, Alhaji bai ji kunya ba, takarda kuma tana nan.

"Wani wa?" in ji Maigandi. "Abu?"

Abu shi ne mai rumfar bakin tasha, wanda in aka ba shi marfin tukunya aka ce ya ɗaura a keke zai ɗaura, ya ce an gode. Baiwa ta ce to wannan kuma tsakanin Abu da Allahnsa. Maigandi ya ture kwanon. Ya san maganarta akwai hankali a ciki, kuma ya san yana son takardar nan fiye da yadda zai iya faɗa mata. Yana son ranar da za a tafi wasa Kaduna ko Ikko a kira sunansa a cikin masu shiga mota. Ya tashi ya tafi masallaci.

Washegari da safe ya naɗe hob ɗin a ƙyallensa, ya sa kwalbar kananzir da alli a aljihu, ya hau kekensa zuwa gidan Alhaji. Niyyarsa ya same shi shi kaɗai, ya nuna masa a asirce, a rufa wa juna asiri. Amma Alhaji Abdussamadu ba a samunsa shi kaɗai. Yana zaune a ƙofar gida a kan kujera, mutum fiye da goma a tabarma, masu neman kwangilar yashi da masu zuwa gaisuwa. Dominic ma yana nan ya kawo jerin sunayen 'yan tsere.

"Ranka shi daɗe, ina son ganinka daga ciki," in ji Maigandi bayan gaisuwa.

"Hwaɗi nan, Maigandi, duk 'yan gida na. An gama ƙahwar?"

Ya sake roƙo, Alhaji ya sake cewa ya faɗa a nan. To, an ba Maigandi dama sau biyu ya yi ladabi, kuma wannan ya fi abin da ya saba. Ya tsuguna, ya warware ƙyallen, ya tsoma kunnen a kananzir, ya goge, ya barbaɗa alli, ya ajiye a kan dakalin siminti inda rana ke bugawa. Kowa ya miƙa wuya. Layin ya fito.

"Shina da tsaga, ranka shi daɗe. Kuma ba sabo ba na, an taɓa aiki da shi. Ba ni ɗaura shi ga ƙahwar da mutum za shi hau."

Fuskar Alhaji ta canja, ba don tsagar ba, sai don kalmar nan ta ba sabo ba ne da aka faɗa a gaban masu neman yashi. Wani na kusa da shi ya ɗauki hob ɗin ya goge allin da hannun riga, ya ɗaga shi sama, ya ce shi bai ga komai ba sai ɗan ƙarzane a fenti. Wani ya ce ai kayan Turawa ba irin na kekunan kai hatsi ba ne, sai wanda ya yi makaranta. Wani kuma ya ce shi abin da ya ba shi mamaki, a kawo wa mutum tsaraba daga ƙasa mai tsarki ya tsoma ta a kananzir. Alhaji ya juya ga Dominic ya tambaye shi ko shi ma ya ga tsaga. Dominic ya shafa haɓarsa, ya ce shi dai ya ga layi, amma ba shi da tabbas. Yana da mata da 'ya'ya huɗu a gidan haya, kuma aikinsa na sakatariya bai cika shekara ba.

"To, shi ke nan," in ji Alhaji, muryarsa a sanyaye. "Ba a tilas. Tunda ya hi ƙarhinka, a kai ma Abu. Maganar takardarka kuwa tana nan, ba ni hushi da tsoho don idonai ya raunana."

Ga shi nan, daidai yadda Baiwa ta tsara, har da ƙari. An ba shi hanyar fita, hannunsa a wanke, takardarsa a aljihun tebur. Abin da ya rage kawai ya ce na gode, ya hau kekensa. Mutumin da ke riƙe da hob ɗin ya fara naɗe shi a ƙyalle zai ba direba. Maigandi yana kallon ƙyallen, yana ganin Abu ya zura sifok ya ja su da ƙarfi don ya burge, yana ganin gangaren nan na bayan Alwasa inda 'yan tsere ke sunkuyar da kai su saki keke. Wani irin fushi ya taso masa tun daga ciki, na su duka, har da kansa da ya kusa cewa na gode.

"Miƙo man shi in goge allin da kyau," ya ce.

Aka miƙa masa. Ya ɗora shi a kan dakalin, ya juya ya ɗauki dutsen da ake tokare ƙofar gareji da shi, ya ɗaga da hannu biyu ya sauke a kan kunnen hagu. Bugu na farko kunnen ya lanƙwashe. Na biyu ya ɓalle, gutsattsarin suka watsu har kan tabarma. Kafin a riƙe shi ya juya hob ɗin ya sauke na uku a kan kunnen dama, don kada wani mai dabara ya ce rabi ma ya isa.

Mutane suka miƙe da salati. Wani ya cafke masa wuyan riga, Alhaji ya daka tsawa a sake shi. Na kusa da Alhajin ya tsinci wani guntu a ƙasa ya kawo har gaban hancin Maigandi, ya ce to yanzu ya nuna musu tsagar. Maigandi ya dubi guntun. Ba abin da za a nuna. Dutse ya cinye wurin duka, tsohuwar tsaga da sabuwar karaya sun zama ɗaya, kuma daga yau ba wanda zai iya tabbatar da ko ya yi gaskiya ko hassada ce ta tsufa. Sai a lokacin ya gane da hannunsa ya farfasa shaidarsa. Ya ji zafin abin, amma bai yi nadama ba.

"Ba ni da abin nuna muku," ya ce. "Amma ba mai hawanai."

Alhaji bai zage shi ba. Ya aiki direba ciki ya ɗauko takardar, ya karanta sunan da ke jiki a hankali yadda kowa zai ji, ya miƙa wa Dominic, ya ce a sake buga ta da sunan Abu. Maigandi ya maida dutsen inda ya ɗauke shi, ya tokare ƙofar garejin yadda take, ya hau kekensa.

Baiwa ta yi kuka, ta kwana biyu ba ta yi masa magana ba sai ga abinci. Labari kuwa ya riga shi isa kasuwa. Aka ce Maigandi ya haukace, aka ce baƙin ciki ne don ba daga igiyarsa hob ɗin ya fito ba, aka ce ya wulaƙanta kayan Makka. Masu shayin da ke zama a bencinsa suka koma bencin gaba.

Ranar Alhamis sai ga Dominic, a ƙafa, yana waige-waige. Abu ya zagaye garin bai sami hob mai huda talatin da shida da zai shiga fok ɗin keken tsere ba, sai na manyan kekuna masu faɗi. Ga rim ɗin ma har yanzu yana rumfar Maigandi. Dominic ya ce ya zo ne a ba shi rim ɗin, in kuma da hali a sayar masa da mai ruwan tokan, ya kai wa Abu. Bai iya haɗa ido da Maigandi ba.

"Hob ɗina ba shi zuwa hannun Abu," in ji Maigandi. "Zamna."

Dominic ya zauna a benci, yana kallo aka ɗaura ƙafar tun daga farko. Maigandi ya zura sifok tara a kunnen dama, tara a na hagu, ya murɗa hob ɗin, sannan ya bi da sauran, kowanne ya gicciye uku kafin ya shiga hudarsa. Ya kafa ƙafar a tsohon fok ɗin da ya kafe a kututture, yana juyawa yana riƙe da alli kusa da rim, inda allin ya taɓa ya sassauta nan ya ɗaure can, kwata-kwatan juyi. Ya cire ta ya kwantar a ƙasa ya danna da tafin hannu ta yi 'yar ƙara, ya maida ya sake bi. Yana yi yana tsinkar sifok da farce yana saurare, har sai da duka talatin da shidan suka yi murya ɗaya. La'asar ta yi kafin ya miƙa masa.

Dominic ya ce shi fa ba zai iya gaya wa Alhaji daga inda ta fito ba. Maigandi ya ce bai tambaye shi ba.

Ranar Asabar tun da sassafe ya shiga motar kasuwa zuwa Argungu. Ba wanda ya gayyace shi, bai kuma gaya wa Baiwa inda za shi ba. An yi ruwa da asuba, fadama ta cika, shinkafa ta yi kore shar a gefen hanya, ramukan kwalta duk sun ɓuya a ƙarƙashin ruwa. A bakin garin aka ja igiya aka kafa rumfa da lasifika. Ya sami wuri a cikin jama'a, tsakanin wata mai tallar dafaffiyar gyaɗa da wasu mutanen Gulma da suka zo da kalangu.

Wajen ƙarfe goma 'yan tsere suka ɓullo. Wani siririn ɗan sanda ne ya fara tsallake igiya, wani ɗalibi na biye da shi. Mujtaba ya zo na uku, taɓo har gira, motar Alhaji a bayansa tana ta hon. Mutanen Gulma suka ɗan buga kalangunsu ba ƙarfi. Maigandi bai dubi fuskarsa ba sai da ya gama duban ƙafar gaba, ya ga ta sha ramuka ta fito tana juyi a miƙe. Mujtaba ya sauko yana haki, ya turo keken ta gabansa, idonsu ya haɗu. Ya buɗe baki kamar zai gaishe shi, sai ya ji an buɗe ƙofar mota a bayansa, ya kau da kai ya wuce. Wannan ya soki Maigandi fiye da zancen takarda.

Aka hau jawabi. Mai lasifika ya yaba wa Alhaji Abdussamadu, ya gabatar da Abu a matsayin makaniken 'yan wasa, ya ce a dubi irin ƙafar da ya ɗaura wa Mujtaba cikin kwana biyu. Abu ya fito da sabuwar hula yana ɗaga hannu. Maigandi ya haɗiye wannan. Sai mai lasifikar ya ƙara da cewa, da ba don wani ɓata-gari a Birnin Kebbi ya lalata kayan tseren da Alhaji ya sawo daga ƙasa mai tsarki ba, da yau ɗan Gulma ne na ɗaya, amma ba za a ambaci sunansa ba don a rufa masa asiri. Mutanen Gulma suka hau Allah wadai. Na kusa da Maigandi, wani dattijo mai kalangu a hammata, ya juyo ya tambaye shi ko shi mutumin Birnin Kebbi ne, ko ya san wannan la'ananne.

Maigandi ya miƙa wa mai gyaɗa ɓawon gyaɗar da ya ci ta zuba a tire, ya ratsa mutane ya fito fili, gaban rumfar, inda Alhaji da Abu da Dominic da Mujtaba ke jere. Bai nemi lasifika ba, muryar da ya yi shekara talatin yana faɗa da ita a Nasarawa ta isa.

"Ba ni son a ruhwa man asiri! Ni na, Maigandi na Nasarawa. Ni nih hwasa shi, da dutse, bugu ukku. Ga Mujtaba nan tsaye bisa ƙahwahunai, ɗiyanai na ganinai. Wanda duk yak kawo man wani irinai, ko daga ina yah hito, shi ma hwasa shi za ni yi!"

Mai lasifika ya dubi Alhaji, Alhaji ya dubi wani wuri can sama da kan jama'a. Mujtaba ya sunkuyar da kai, hannunsa na kan tayar gaba ya riƙe ta gam. Maigandi ya tsaya ya ba su lokaci ko akwai mai magana. Sai ya gyara hularsa ya juya, jama'a suka buɗa masa hanya, ya nufi tasha a ƙafa, yana tafe yana share ido da bayan hannu, yana zagin hayaƙin masu gasa kifi.